Allurar Gwaggo da Askar Baba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta riga mu ranar wata Laraba da hantsi, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tankaɗen gari. Ta ce wa matar ƙanena kanta yana sara mata, ta jingina da bango, shi ke nan. Ni ina Tanout, inda nake koya wa manya karatu. Kafin saƙo ya iske ni, kafin in samu motar da za ta bi ta garinmu, har an kai ta an dawo. Ban ga fuskarta ba, ban roƙe ta gafara ba, alhali ina da abin roƙo.

Na tarar da gida maƙil. Buzaye daga wajen Belbeji sun ɗaure raƙumansu a gindin aduwa, matan Fulani sun jere ƙoransu a bakin darni, matan gari kuwa ba wurin sa ƙafa. Kowace ta zo sai ta lissafa: ita ta yanke cibiyar 'ya'yana bakwai, ita ta juya mini ɗa a ciki, ita ta zauna da ni kwana biyu ba ta ci ba. Matar maƙeri har birgima ta yi a ƙasa, sai da aka riƙe ta. Ita ce dai wadda na sha gani tana janye ɗanta zuwa ɗaya gefen hanya in Gwaggo ta taho. Na dube ta, na ce a raina, ashe kuka ma yana da arha. Kuma duk wadda ta gama yabo sai ta rage murya, ta ɗan kalle ni ta gefen ido, ta ce, "Allah dai ya yafe mata kuskurenta." Ba wadda ta faɗi kuskuren, ba kuma wadda ba ta san wanda ake nufi ba.

Ranar sadakar uku maza suka taru a ƙofar gida, mu mata muna ciki, darni kaɗai ya raba mu. Liman ya ce, kamar yadda aka saba, duk wanda marigayiya ta saɓa wa ya yafe mata don ta kwanta lafiya. Aka amsa baki ɗaya. Sai na ji Baba ya yi gyaran murya.

"Ni ma na yafe wa Yaya," in ji shi, "har da abin da ya samu jikana. Kuskure ne, ba da gangan ta yi ba."

Maza suka yi ta cewa madalla, an ga mai haƙuri.

Jikan da ya ambata ɗana ne, na fari. A al'adarmu bai kamata in kama zancensa ba, amma yau na ajiye kunya a gefe. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, garinmu yana cewa allurar Gwaggo ce ta kashe shi. Ba ita ba ce, askar Baba ce. Ina wurin, da idona na gani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don kada matar nan ta tafi da sunan da ba nata ba.

Gidanmu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goya shi har ya yi ƙafa, kuma har gemunsa ya yi fari Auta take kiran sa, ko a gaban surukansa. Ta yi aure biyu Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gida ta gina ɗakinta a kusurwar gabas. Da aka yaye ni sai aka ba ta ni. A bayanta na girma, a tabarmarta na yi fitsarin kwance, ita ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, lokacin da ba a sa 'ya'ya mata sai an matsa wa maigari. Ta ce, "Je ki koyo, wata rana ki karanta mini abin da ke jikin kwalba, in daina sansana ta kamar akuya."

Da aka gina mana ɗan gidan likita, shara aka ɗauke ta da ɗiban ruwa. Manjo na lokacin, wato ma'aikacin da ke riƙe da wurin, ya lura da hannunta wata rana da aka kawo mai naƙuda yana can yana ɗinke wani da sa ya soka. Shi ya rubuta aka tura ta Damagaram ta yi 'yan watanni tana koyon aikin ungozoma. Ta dawo da farar riga, da almakashi biyu, da wata sabuwar cuta da ba ta rabu da ita ba har ta mutu: tafasa abu. Almakashi ta tafasa, zare ta tafasa, tsumma ta tafasa. Mutane suna cewa in ka tsaya kusa da ita da yawa kai ma za ta jefa ka a tukunya.

Ba a gaishe ta da hannu sai an wanke. "Hannu tukuna, gaisuwa daga baya," haka take ce wa kowa, har matar maigari. Tana cin goro kamar ba gobe, amma ba ta taɓa shiga kan mai haihuwa da shi a baki ba, sai ta tofar a ƙofa ta kuskure. Mazan gari kuwa sun sha ta. In miji ya tare ta a bakin ɗaki yana tambaya, "Gwaggo, mace ko namiji?" sai ta ce, "Mutum ne. Uwar ma tana nan da rai, tunda ba ka tambaya ba." Ta bar shi tsaye yana sosa ƙeya.

Shekarar farin nan na farko, da shanu suka ƙare, makiyaya suka gangaro suka yi sansani a bayan gari, ƙyanda ta shiga cikin 'ya'yansu. Ina 'yar budurwa lokacin. Kullum in ta tashi daga aiki da azahar, sai ta dama kunu tukunya guda, ta ɗora a ka, ta nufi can cikin rana. Ana hana yaro mai ƙyanda ruwa, ita kuwa da cokali take bi tana ɗura musu, uwayen suna zagin ta da yaren da ba ta ji. Ba ta iya Buzanci ba, ba ta iya Fillanci ba, amma ta koyi kalma biyar a kowanne: sha, kwanta, yunƙura, sannu, kada ki ji tsoro. Ta ce kalma biyar ta ishi ungozoma a ko'ina, sauran duk surutu ne. Geron da muka samu a shekarar rabinsa can ya tafi, na yi ta ƙunƙuni, ta ce in na gaji da yunwa in je in ga yadda ta ainihi take.

Faɗansu da Baba ba ya ƙarewa, kuma duk a kan abu ɗaya. Wata rana ya tafi masallaci ya bar zabirarsa rataye a zaure. Ta ɗauko ta, ta zazzage komai cikin tukunyar ruwan tuwo yana tafasa: asake, ƙaho, ɗan itacen danne harshe, har da wata laya da ke ɗinke a ciki tun zamanin kakana. Ƙahonin suka yi laushi, gida ya ɗauki wari, ƙotocin asake suka tsage. Baba ya dawo ya ga aika-aika.

"Yaya, kin san abin da kika yi kuwa? Albarkar tsoho ce a jikin ƙarfen nan, kin wanke ta."

"Albarkar da ruwan zafi ke kashewa dauɗa ce, Auta. Da askar nan ka yi wa mai ƙurji aski da safe, da ita za ka shiga bakin jariri da yamma?"

"Da ita aka shiga naki, ga ki kina zage ni."

"Mu nawa aka shiga? Mu nawa muka rage?"

Ya kwashe kayansa ya fita. Wata biyu ba ya cin tuwon da ta taɓa, sai da Sallah ta zo ta kai masa fura da kanta, ta tsaya a kansa har ya sha. Duk da haka shi ne take ajiye wa tsokar da ta fi kyau in ta samu kan ragon suna. Ban taɓa ganin mutum ya so ƙanensa kamar yadda ta so shi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan yanzu.

Da na samu cikin fari aka dawo da ni gida goyon ciki, a ɗakinta na haihu, a hannunta. Namiji ne, ƙato, da gashi baƙi wuluk. Tun kafin a binne mahaifa ta fita ta sami Baba a zaure, ta faɗa masa a gaban mutane don kowa ya ji. Ta ce askin suna ta yarda, da askar da ita za ta tafasa. Belu kuwa ba za a cire ba. Belu shi ne ɗan naman nan da ke lilo a can cikin maƙogwaro. A wurinmu an yarda in ba a yanke shi ba zai girma ya shaƙe yaro, don haka wanzami kan zo a kwana na uku ya cire. Baba ya ce to. Ta ce ya maimaita, ya maimaita.

Ranar kwana uku da sassafe wani Buzu ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gidanmu. Matarsa kwana biyu tana naƙuda a wani mashekari wajen Belbeji. Gwaggo ta dubi jaririn, ta dube ni, ta ɗaure kayanta a tsumma. Ta ce, "Gobe war haka ina nan." Ta sake tsayawa a zaure, na ji ta ce, "Auta, amana." Ya ce ta tafi hankali kwance.

Azahar ba ta yi ba ya shigo da zabira. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta ɗauki yaron daga gefena ta kwantar da shi a cinyarta. Baba ya ce a saki labule, kada kowa ya ji, kada Yaya ta ji. Ni kuma ɗan fari ne. Ba a nuna an damu da ɗan fari, ba a kallon sa a gaban manya, balle a ce wa uba kada ya taɓa shi. Bakina cike da magana, na juya fuskata ga bango. Na ji kukan, na ji ya sarƙe, na ji ya dawo. Da na waiwaya Baba yana goge askar a gefen rigarsa.

Washegari Gwaggo ta dawo, ƙafafunta a kumbure saboda raƙumi. Ta wanke hannu, ta ɗauki yaron, ta buɗe bakinsa wajen haske. Ta daɗe tana kallo. Ko harara ba ta yi mini ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta fita zaure. Abin da na jiyo kawai, "Auta, ka ci amanata," da murya ƙasa-ƙasa. Daga ranar ba ta ƙara kwana a kan gadonta ba, a tabarma take kusa da shi, kullum da safe sai ta taɓa muƙamuƙinsa. Aka yi suna, aka yanka rago, aka kawo mata kai da ƙafafu rabon ungozoma, ta bayar duka.

Ranar kwana tara ya ƙi kama nono. Bakin ya rufe gam, jikinsa yana sandarewa yana saki. Ta saɓa shi a kafaɗa ta nufi gidan likita, ni da surukata, uwar mijina, muna biye. Manjo ya tafi Tanout ɗauko magani, sai jibi. Doka ta hana ta yin allura in ba ya nan, amma mabuɗi yana hannunta, kuma ta sha yi a gabansa. Ta tsaya gaban akwatin maganin kamar mai sallah, sannan ta buɗe. Ta tafasa sirinji, ta yi masa. Kafin la'asar ya cika.

Surukata ta fita tana kururuwa cewa an soke mata jika. Kafin magariba zancen ya zagaye gari, ya dawo da ƙafa biyu: Gwaggo ta hana a cire wa yaro belu, belu ya shaƙe shi, ta kuma ƙarasa shi da allura. Dangin mijina suka kai wa maigari, maigari ya aika Tanout.

Bayan mako guda wani babba ya zo a farar mota, da manjo a gefensa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maigari. An kai ni ina lulluɓe, aka zaunar da ni a bayan mata. Mutumin ba mugu ba ne, ya san aikinsa. Da aka kwatanta masa yadda yaron ya yi, ya ce wannan ciwo ba allura ke kawo shi ba, ƙarfe mai dauɗa ke kawo shi. Ya tambaya, sau uku, ta bakin tafinta da kuma bakinsa:

"An yi wa yaron nan wani yanka? An taɓa shi da wani ƙarfe kafin ya kwanta?"

Baba yana zaune a sahun gaba yana jan carbi. Na zuba wa ƙeyarsa ido ina jira. Bai ɗaga kai ba. Mahaifiyata ta matse mini hannu har ya yi zafi. Ni ma ban ce komai ba, kada wani ya ɗauka na manta da nawa rabon.

Sai mutumin ya juya ga Gwaggo. "To in ba a yi masa yanka ba, saura almakashinki da kika yanke cibiya. Me za ki ce?"

Matar da ke tafasa zare. Ta dubi inda Baba yake, ta ɗauke kai. Ana ta raɗe-raɗin cewa in aka samu wanzami da irin wannan, jandarma za su tafi da shi a karɓe zabirarsa.

Ta ce, "Ni na yanke cibiya, ni na yi allura, manjo ba ya nan. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

A wurin ta miƙa mabuɗi. Farar rigar ta wanke ta, ta busar, ta ninke, ta kai da kanta washegari. Manjo ya ƙi karɓa, yana ta cewa ta faɗi gaskiya ya san akwai magana, ta ajiye masa a kan teburi ta fito.

Shekara tara ta yi bayan wannan. Yara suna kiran ta mai allura, ba kuma su suka ƙirƙiro ba, a gida suka ji. A rijiya ana matsa mata wuri fiye da yadda take buƙata. In an zo rigakafi mata sukan ɓoye 'ya'yansu a rumbu, su ce sun ga abin da allura ta yi a gidan wanzamai. Wannan ya fi korar da aka yi mata yi mata ciwo, na ga ta yi hawaye a kansa, ban ga ta yi a kan rigar ba. Amma da zarar haihuwa ta gardama, ta ƙofar baya ake aiko mata. Sai ta tofar da goro, ta ɗora tukunya. Ba ta taɓa ƙin zuwa ba. Na ce mata, "Gwaggo, mutanen da ke tsallake inuwarki?" Ta ce, "Wanda ke cikin cikin bai tsallake ba." 'Ya'yana huɗu da suka biyo baya duk ita ta karɓe su, ba wanda ƙarfe ya shiga bakinsa, ga su nan suna cin tuwo.

Sau ɗaya na ɗauko mata zancen. Muna tsinkar zogale, na ce, "Gwaggo, ranar nan..." Ta ce, "Miƙo mini ƙwaryar can." Na miƙa. Na ji daɗin da ta katse ni, kuma na san na ji daɗin. Haka na yi ta ɗauke da abin, ina ganin mu huɗu kaɗai muka sani a duniya, da mahaifiyata ta rasu muka koma uku. Kullum ina ce wa kaina ranar da na buɗe baki garin nan zai ji kunya, za su zo su durƙusa mata. Kullum kuma sai in ce ba yau ba.

Washegarin sadakar uku na sami Baba a zaure shi kaɗai, yana wasa aska a kan fata. Na durƙusa na gaishe shi, ban tashi ba.

"Baba, jiya na ji ka yafe wa Gwaggo."

"Ai hakkin zumunci ne."

"Me ta yi maka?"

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Ke, kwanan yaro ne ya ƙare. Ko an cire ko ba a cire ba, ba ya wuce ranarsa."

"To me ya hana ka faɗi haka a gaban mutumin Tanout? Sau uku ya tambaya."

"Ban ce ta rufa mini ba. Ita ta ga dama."

"Ta ga dama ne don ta goya ka."

Ya ajiye askar. Na ɗauka zai yi kuka, wallahi da ya yi da na yi tare da shi. Sai ya ce, "Ita mace ce, ba ta da bakin da take ciyarwa. Ni in an karɓe zabira, me za ku ci, ku goma sha ɗaya? An duba wanda faɗuwarsa ta fi sauƙi. Tashi ki ba ni wuri, kuma kada in ji zancen nan a waje."

Na tashi. Tun ina yarinya ban taɓa tsallake maganarsa ba, amma a ranar na san wannan zan tsallake.

Ranar sadakar bakwai tsakar gida ta sake cika da mata, ana cura gumba ana rabawa a faya-fayai. Surukata tana zaune a kan turmi, ita ke ƙirga rabon unguwa-unguwa. Na bari sai da aka shafa addu'a. Na miƙe, na ce ina da magana. Na faɗi komai: zuwan Buzu, sakin labule, askar da aka goge a gefen riga, tambaya uku a ƙofar maigari, da shirun da na yi. Na ce Gwaggo ba ta da kuskuren da za a yafe mata, mu ne ya kamata mu nemi yafiyarta, ga shi ta tafi. Na gama ina haki, ina jiran salati.

Ba wadda ta yi salati. Matar maƙeri ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Wasu suka kalli juna. Surukata ta kakkaɓe hannunta.

"Zauna, 'yar nan, kada ki faɗi. Ai mun sani."

Na ce, "Kun san me, Iya?"

"Mu muka aika wa ubanki ya cire. Jikanmu na fari, a bar shi da belu don wata ta je Damagaram ta dawo? Muna ganin raƙumin ya tashi muka aika."

"Kuma kika fita kina cewa allura ce."

"Zafin rashi ne. Da na huce magana ta riga ta kai Tanout. To a ce me? A ce wanzami ne? Wane gida ne bai kai masa ɗa ba? In shi ya kashe naki, mu da muka binne namu a kwana tara da goma, wa ya kashe su? Ita kuwa ma'aikaciyar gwamnati ce, mun ɗauka faɗa za a yi mata ta koma aikinta."

Na dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ta kwana a kansu, waɗanda suka aika mata ta ƙofar baya. Na ce, "Duk kun sani?"

Wata tsohuwa daga can gefe ta ce, "Haba, a garin nan wa bai sani ba."

"Ita fa? Ta san kun sani?"

Surukata ta ce, "Gwaggonki ba wawiya ba ce."

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Shekara tara ina ɓoye gaskiya ina tsammanin ita ce maganin ciwon Gwaggo, ashe kowa yana da irinta a ɗakinsa. Ba ruɗe suka yi ba da zan warware musu. Sun sani suka janye 'ya'yansu daga hanyarta, sun sani suka bar yara suna yi mata waƙa, ita ma ta san sun sani, ta ci gaba da ɗora musu tukunya. Raina ya ɓaci da su ɓacin da ban san ranar hucewarsa ba, da Baba, da ni kaina a gaba da kowa.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya sa kin huta. Shi ba ya buƙatar tafinta, ba kuma sai ya tambaya sau uku ba. Ni dai ban ce na yafe miki ba, don ba ki yi mini komai ba.

Ina zaune a wurin aka ci gaba da rabo. Wata ta ce rabon unguwar maƙera bai cika ba, a ƙaro gumba biyu. Aka ƙaro.